Gurgun da Aka Cire daga Fim

Har yau idan aka ce min an mai da wani littafi fim, sai raina ya ɓaci tun ban gani ba. 'Ya'yana sun sha yi min dariya, wai Mama ba ta yafe wa masu fim. Gaskiyarsu, ban yafe ba. Amma ba su kaɗai nake jin haushi ba, har da wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu mai saurin baki, wadda ita ce ni.

A Unguwar Shanu muke a lokacin, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Gidan haya ne mai ɗaki uku a jere, sai wani ƙaramin ɗaki kusa da zaure da muke kira shago. Babanmu akawu ne a sakatariya, mutum mai keke da agogo da ƙarancin magana. Yayana, ɗan farin gidanmu, shi ke kwana a shagon. Ya gama sakandare ke nan, ana maganar zai wuce Zariya ya ƙaro karatu, sai tari ya kama shi. An sha cewa sanyi ne, an sha dafa masa citta da kanumfari, har ranar da likita ya ce tarin fuka ne. Daga nan aka ware masa kofi da kwano, aka ɗaura wa cokalinsa jan zare don kada ya shiga cikin namu, aka kuma hana mu ƙannensa ƙetare dokin ƙofarsa.

Innarmu kuwa da ma ba ta shiga ɗakinsa, ko da yana da lafiya. Irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. Kakarmu ce ta raine shi a ƙauye, sai da ta rasu ya dawo gida yana ɗan shekara tara. Idan Inna za ta yi maganarsa sai ta ce "yaron can", ko ta ce min "kai wa yayanki". Ko baƙo mai irin sunansa ya zo, sai ta nemo wata hanyar ambatonsa. Matan unguwa suna yaba mata a kan haka, suna cewa ta san kara. Ni kuwa, da ƙuruciyata da 'yar bokona, gani nake rashin tausayi ne kawai, kuma ina jin Yaya ma wani lokaci haka yake gani, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Allurar da ake yi masa kullum ta sa masa jiri. Idan ya kalli rubutu sai layukan su riƙa rawa, kai ya ɗauki ciwo. Ga shi mutum ne da ko takardar da aka naɗe ƙosai ya samu sai ya karanta. Wata rana da na ajiye masa kunu a bakin ƙofa, sai ya turo min wani littafi da ƙafa, ya ce in shanya shi a rana tukuna, gobe in zo in karanta masa. Littafin Turanci ne, ya saye shi a wurin masu tsofaffin littattafai a kasuwa, bangon bayansa ya yage, gefensa duk ya nannaɗe kamar ganyen da aka soya.

Haka muka fara. Bayan la'asar in ɗauko 'yar kujera in zauna a wajen ƙofa, shi yana kwance a ciki. Damina ce, wani lokaci ruwa ya riƙa dukan kwano har sai na ɗaga murya. Turancina na 'yar aji biyu ne, sai in murɗe kalma, shi kuma ya yi tsaki ya gyara min, ya ce idan malamanmu haka suke koya mana to gara a mai da makarantar gidan kaji. Ya kafa min doka: duk shafin da na karanta sai na maimaita masa da Hausa, don ya tabbatar ba haushin kare nake yi ba. Daga baya na lura cewa duk lokacin da na kai wurin Hausar, Inna tana nan kusa. Ko ta kawo faifan shinkafarta jikin bangon shago tana tsinta, ko ta tuna akwai shanya a igiyar da ke wajen. Ba ta taɓa tanka mana ba.

Labarin wani yaro ne ɗan masunta, a wani gari na bakin teku inda sanyi ba ya ƙarewa. An fara da shi yana ɗan shekara goma, ana binsa har ya zama saurayi. Ba wani yaron kirki ba ne sosai. Matsoraci ne, yana ƙarya, ya taɓa satar wuƙar babansa ya bari aka daki ƙanensa. Abin da ya sa muka so littafin ke nan, don duk abin da ke cikin zuciyar yaron an faɗa mana, har abin da mutum ba ya son ya faɗa wa kansa. A gidan da ke kallon nasu akwai wani saurayi da ya faɗo daga saman jirgin ruwa, ƙafafunsa suka mutu. Yana zaune a ɗakin sama, a jikin taga, daga safe har yamma. Shi ne ya koya wa yaron karatun taswira. Shi ne ya fara gaya masa cewa ba dole ne ya mutu yana warin kifi ba. Mutum ne mai baƙar magana, wani lokaci ya kori yaron, washegari kuma ya ƙwanƙwasa gilashin taga yana kiransa.

Ni yaron nake bi, ina so in ga ya tsere daga garin. Yaya kuwa gurgun yake jira. "Mutumina" yake ce masa. Idan muka yi shafi goma bai fito ba, sai ya ce, "Ke, yi sauri mana, mutumina na can a taga yana jiranmu." Idan gurgun ya yi wata baƙar magana, Yaya ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuma in tsaya da littafi a hannu ina jiran ya lafa, ba halin in shiga in riƙe shi.

Mun yi kusan wata biyu a kai. Muka kai inda yaron ya samu gurbin karatu a birni, gurgun ya aiko masa da babbar rigarsa ta sanyi, wadda ba shi da sauran inda zai sa ta. Ranar tafiya da safe yaron ya tsallaka titi, ya fara hawa matakala don ya yi masa sallama. Na juya shafi, sai na ga ba komai. Littafin ya ƙare a tsakiyar jimla. Ashe ba bango kaɗai ya yage ba, har da shafukan ƙarshe. Yaya ya sa na zazzage akwatinsa a tsakar gida ko suna ciki, ba su. Ya aiki wani abokinsa kasuwa, ba a samu wani ba. Kwana da kwanaki yana tambayar rufin ɗaki, "To me ya ce masa? Me suka ce wa juna?" Ni na ɗauka son labari ne kawai.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga malamar firamare ce, Kirista, mutuniyar kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a lokacin. Malama muke kiranta, 'yarta kuma ajinmu ɗaya. 'Yar tata ce ta zo min da labari cewa a ɗakin karatu na Turawa da ke cikin gari ana nuna fim ranar Asabar da rana, kuma na wannan makon sunansa ɗaya da littafin da take gani a hannuna. Da na gaya wa Yaya sai ya tashi zaune, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Ya ce, "Ki je. Don Allah ki je ki gano min ƙarshen."

Faɗa da sauƙi. A wurin Babanmu, fim ko a masallaci aka nuna shi sinima ne, sinima kuwa wurin 'yan iska ne. Yarinyar da aka gani a ƙofar sinima sunanta ya gama ɓaci a unguwa. Ban ma yi gigin tambayarsa ba. Amma ranar Asabar da hantsi, ina wanke-wanke, sai na ji Inna tana ce wa Baba za ta aike ni in raka Malama cikin gari, akwai zaren saƙa da take so a zaɓo mata. Inna ba ta saƙa. Baba ya ce to, ba tare da ya ɗago daga jaridarsa ba. Da zan fita ta gyara min ɗankwali da ƙarfi kamar mai jin haushina, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ki buɗe ido da kyau. Kada ki je ki yi ta kallon mutane."

Wurin nuna fim ɗin ɗaki ne babba da aka rufe tagoginsa da baƙaƙen labule, ga kujerun ƙarfe, ga na'ura a baya tana ƙara kamar keken ɗinki. Ba zan yi ƙarya ba, da farko fim ɗin ya tafi da ni. Ban taɓa ganin teku ba. A littafi na karanta kalmar sau ɗari, a raina ina ganin kogin Kaduna ne da ya cika ya batse. Sai ga shi a gabana yana tashi yana faɗuwa, ba shi da ɗaya gaɓar. Na ga gidajen duwatsu, na ga tsuntsayen da na sha wahalar furta sunansu. Na ce a raina, kai, da Yaya yana nan.

Sai aka nuno yaron, na fara tsarguwa. Na littafi ƙazami ne mai kunnuwa kamar faifai. Wannan kuwa kyakkyawa ne, gashi a kwance, haƙora reras, ko kifi ya ɗauka rigarsa ba ta ɓaci. Satar wuƙa tana nan, amma sai aka juya ta, ya zama shi ne ya karɓi dukan don ya ceci ƙanensa. Lokacin sanyin da muka yi mako biyu muna karantawa, wanda babansa bai fita kamun kifi ba, gidan ya cika da yunwa da faɗa, an gama shi kafin in gyara zama. Duk tunanin da yaron yake yi a ransa, wanda shi ne rabin littafin, babu. Sai dai ya tsaya ya kalli teku, a sa kiɗa.

Duk wannan na haƙura, don ba shi aka aiko ni gani ba. Taga nake jira. Aka nuno gidan da ke kallon nasu, na dafa hannun ƙawata, 'yar Malama, na ce ga shi nan. Tagar ta buɗe, sai ga wata budurwa mai gashi ruwan ƙwai tana shanya tsumma tana murmushi. Na ce to, wataƙila ƙanwarsa ce, yana ciki. Aka ci gaba. Taswira, sai ga shugaban makaranta yana koya wa yaron. Maganar warin kifi, budurwar ce ta faɗe ta, cikin shagwaɓa. Rigar sanyi, babansa ne ya sayo masa a kanti. Kaɗan-kaɗan na gane abin da suka yi: sun rarraba kayan mutumin tun yana raye, kowa ya ɗauki nasa, shi kuma sun share shi. Ranar tafiya ba matakala, ba ɗakin sama. A bakin jirgi aka yi sallama, yaron da budurwar suka rungume juna, ni da ƙawata muka sunkuyar da kai. Aka kunna fitila, mutane suka yi tafi. Wata Baturiya a gabanmu har da share hawaye.

A cikin bas ban iya yin shiru ba, sai zuba nake. Malama ta bari na gaji, sannan ta ce, "Ke, ki ji nan. In kin je gida, ki bi a hankali. Marar lafiya ba a ba shi magana duka." Na ce to. Ai na sani. A wurinmu ko mutum yana shure-shuren mutuwa aka tambayi jikinsa, da sauƙi ake cewa. Labarin rasuwa ma ɓoye wa majinyaci ake yi har ya miƙe. Kafin mu sauka na gama shirya abin da zan faɗa: yaron ya hau, sun yi sallama, gurgun ya sa masa albarka, daga baya ma an kai shi asibitin birni. Ƙarya ce mai kyau, har na so ta.

Na shigo ana shirin kiran magariba, an ɗauke ruwa, zaure duk laka. Na tarar da Yaya a zaune a bakin gado yana fuskantar ƙofa. Ya wanke fuska, ya sa farar rigarsa ta makaranta, wadda yanzu ta yi masa yawa kamar ta aro. Inna tana jikin bango da faifanta. Yana ganina ya ce, "To, 'yar aike, yaya mutumina? Me ya ce wa yaron?"

Ban san inda ƙaryar ta tafi ba. Haushin da na ƙunso tun daga cikin gari shi ya riga ta fitowa, kuma a wautata gani nake Yaya ne kaɗai zai taya ni jin sa.

Na ce, "Yaya, ba ya ciki."

Ya ce, "Kamar yaya ba ya ciki? Mutuwa ya yi?"

"Ko mutuwar ma ba su ba shi ba. Cire shi suka yi gaba ɗaya. Wata yarinya suka sa a tagarsa." Na shiga lissafa masa, taswira an ba wane, riga an ba wane, ina yi ina tsaki, ina jiran ya yi tsaki tare da ni.

Bai yi ba. Ya bari na gama, sannan ya tambaya a hankali, "Labarin kuma ya tafi daidai?"

Na ce, "Wallahi lafiya lau ya tafi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ba wanda ya lura babu shi. Har tafi aka yi."

Sai a lokacin na ji ƙarar faifan Inna ta tsaya. Yaya ya kalli hannayensa. Ya ce, "To, ai shi ke nan. Ashe ana iya yi ba shi." Ya fara ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ja masa ƙofa, sauro na shiga.

Washegari na zo da kujerata da wani littafin da na aro, ya ce kansa na ciwo. Jibi ma haka. Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce ai masu fim jahilai ne, ai littafin shi ne na gaskiya. Ya ce, "Na littafin ma ai ba mu san ƙarshensa ba." Bai yi fushi da ni ba, da ma ya yi. Yana amsa gaisuwata, idan na tambayi jiki ya ce da sauƙi. Bai sake cewa mutumina ba.

Ba na cewa maganata ce ta kashe shi. Ciwo ne ya ci huhunsa, kwana kuma ya ƙare. Ya rasu a ƙarshen damina, ranar wata Talata da hantsi, ina makaranta. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba dauriyarta. Aka ƙona katifarsa, aka shafe shagon da farar ƙasa, aka fasa kofin. Kafin shekara wani ɗan'uwan Baba da ya samu aiki a Mando ya tare a ɗakin. Baba ya ci gaba da hawa kekensa, ƙannena suka ci gaba da faɗa a kan ƙanzo. Na tsani gidanmu a shekarar nan, don komai ya tafi lafiya lau.

Bayan shekara biyar ko shida, ina kwalejin horon malamai, na ci karo da littafin a ɗakin karatu, cikakke, da bangonsa. A tsaye na karanta ƙarshen. Shafukan da suka ɓata mana ba su fi goma ba. Yaron ya hau matakalar, ya tarar gurgun ya juya fuska bango kamar mai barci. Ya tsaya, ya kasa cewa komai, ya sauko ya tafi. Ya yi shekaru bai dawo ba, ko wasiƙa bai rubuta ba, saboda kunya da nauyin baki. Da ya dawo ya tarar mutumin ya rasu, an ba wasu hayar ɗakin. A nan ne mai ba da labarin ya fito fili ya ce shi ne yaron, kuma duk garin da ya shiga a duniya da idon mutumin nan ya kalle shi, littafin nan gaba ɗaya shi ne maganar da ya hau matakala ya kasa faɗa. Na zauna a ƙasa tsakanin kantocin littattafai na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na zo hutu, mun koma Kurmin Mashi a lokacin, na tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida tana gyaran wake. Na ce mata na samo ƙarshen littafin nan. Ba ta tambaye ni wane littafi ba. Na zauna na ba ta shi da Hausa, shafi bayan shafi, yadda aka koya min. Da na gama ta tsayar da hannunta a cikin waken.

Ta ce, "Bai ji wannan ba."

Na ce, "Bai ji ba, Inna."

Ta ce, "Ranar nan da kika dawo, na ji abin da ya ce. Na tashi zan shiga, har na kai bakin ƙofa."

Na ce, "Me ya hana ki?"

Ta kalle ni kamar na yi tambayar yara. "Ɗan fari ne," in ji ta.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can sai na ji ta ambaci sunansa, sau ɗaya, a hankali, kamar mai kiran wanda ke ɗaki na kusa. Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta ɗan saurara, sannan ta ce in ɗauko mata ruwa ta wanke waken.